Salun ɗin Italiya mai gudu: amsoshin tambayoyin da aka ƙi daina yi

Duk wanda ya riƙe Alfa Romeo ko Maserati mai ƙofa huɗu ya san yadda abin yake. Ana ganin tambarin, kafin a ce "ta yi kyau" an riga an ce "Allah ya ba ka haƙuri." Tambayoyin kuma ba sa canzawa. Ga amsoshinsu, a karanta a huta.

Da gaske ne motocin Italiya ba su da ƙarko?

Akwai gaskiya a ciki, amma tsohuwa ce. Sunan ya ɓaci tun shekarun 1970, lokacin da Alfasud, motar Alfa Romeo da ake haɗawa a Pomigliano d'Arco kusa da Naples ta yi ƙaurin suna wajen tsatsa, Lancia Beta ita ma ta bi sahu. Mutanen da ba a ma haife su ba a lokacin su ne suka fi kowa zaƙewa da labarin yau. Giulia, salun ɗin Alfa Romeo da ta shiga kasuwa a 2016, ba ta haɗa ko ƙusa ɗaya da waɗancan ba. Sai dai kada in yi maka daɗin baki: Giulia ɗin farko-farko sun sha fama da lantarki da manhajar kwamfutarsu, kuma mujallar Car and Driver ta Amurka da ta gwada Quadrifoglio, wato Giulia mai babban inji, na tsawon mil 40,000 ta ba da labarin yadda motar ta riƙa sintiri tsakanin titi da gareji. Ƙarfen ba shi ne matsalar ba. Motar ce ba ta yafe sakaci.

Za ta kai Toyota rashin ba da wahala?

A'a. In abin da kake nema ke nan, ka san inda ake sayar da ita.

To me ya sa mutane ke saya?

Ka tuƙa tukuna. Giulia da tayoyin baya take turawa, nauyinta ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya, sitiyarinta kuma kana taɓawa hancin motar ya juya. Quadrifoglio ta fito a 2016 da injin V6 mai lita 2.9 da ƙarfin doki 510. Tsohuwar Alfa Romeo 156 da Walter de Silva ya zana, wadda ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1998, har yau mutane na zagaya ta suna neman hannun ƙofar baya, alhali yana ɓoye a gefen gilashi. Wanda kuma ya taɓa jin kukan tsohon V6 ɗin Alfa Romeo da injiniya Giuseppe Busso ya tsara ba ya yin wannan tambayar. Wanda ya ci zomo ya ci gudu, shi ke nan.

Wane baƙin mai zan zuba?

Wanda littafin motar ya ce. Ba wanda ke kusa ba, ba wanda wani ya ce "ai duk ɗaya ne" ba. Injin fetur mai lita 2.0 na Giulia yana da tsarin MultiAir, wanda da matsin baƙin man kansa yake buɗe bawul ɗin shigar iska. Ka ba shi mai kaurin da bai dace ba, ko ka bar man ya tsufa ya yi datti, ka taɓa numfashin injin kai tsaye. Kuma ka riƙa dubawa tsakanin juye da juye. Tsohon injin Twin Spark, irin na 156, yana shan mai ko da lafiyarsa ƙalau, da yawansu kuma ba tsufa ne ya kashe su ba, bushewa ce.

Bel ɗin taimin fa, ai bai nuna alamar komai ba?

Ba ya nuna alama, Malam. Tsinkewa yake yi, fistin ya haɗu da bawul, ka tashi da neman injin. A Twin Spark kamfanin da kansa ya rage wa'adin zuwa kilomita 60,000 ko shekara 3, duk wanda ya fara cika. Shekarun ma lissafi ne, domin roba tana tsufa ko motar tana ajiye. In za a canza, a haɗa da abin ɗaure shi da famfon ruwa, a mai lita 2.0 kuma har da ƙaramin bel na biyu da ke juya sandunan daidaita girgiza. Giulia mai fetur sarƙa take da ita, mai dizal 2.2 bel ne. Mai sayarwa ya ce "an canza kwanan nan" ba tare da takarda ba? Ba a canza ba.

Na tayar da mota da safe, fitilun gargaɗi sun cika dashbod: birki, sitiyari, injin, komai. In tuƙa ko in kira motar ja?

Wannan tambayar ba zan amsa ta da kalma ɗaya ba, domin amsar ta danganta, kuma wanda ya ba ka amsa ɗaya tak bai ga isassun motoci ba.

Fara da kwantar da hankali. Abu biyar ba sa lalacewa dare ɗaya a motar da ke tsaye. In gargaɗi da yawa da ba su da alaƙa da juna suka taso lokaci guda, musamman bayan motar ta kwana biyu ba a taɓa ta ba ko an sha gajerun tafiye-tafiye, wanda za ka fara zargi shi ne batir. Giulia cike take da ƙananan kwamfutoci, hatta birkinta lantarki ne ke isar da saƙon ƙafarka zuwa gare shi. Lokacin tayarwa, in wutar ta yi ƙasa na ɗan lokaci, kowace kwamfuta sai ta ga kamar 'yar'uwarta ta ɓace, ta kunna fitilarta. Abin da ke ruɗa mutane shi ne motar ta tashi lafiya, sai su ce ai batirin garau yake. Batir na iya juya injin amma ya gaza gamsar da kwamfutoci.

Batirin Giulia a but yake, ba a gaba ba. Ka auna shi bayan motar ta huta na sa'o'i. Mai lafiya yana nuna wajen volt 12.6, in ya sauko kusa da 12.2 ya yi rauni. Amma ko wannan ba hukunci ba ne: akwai batirin da zai nuna lamba mai kyau ya durƙushe da zarar an ɗora masa nauyi, don haka gwajin ɗora nauyi ya fi. Kada kuma ka firgita in ka ga lambar caji tana hawa tana sauka lokacin tafiya, domin motocin yanzu da gangan suke rage caji wani lokaci. Wata alama da nake ba muhimmanci: in tsarin nan da ke kashe injin a danja ya daina aiki na makonni, sau da yawa batirin ne ke sallama a hankali. In za ka canza, sai irin wanda aka yi don wannan tsarin, AGM ko EFB, kuma a kula da 'yar na'urar da ke manne a kan sandar batirin ta baƙar waya. Bayan an cire batir an mayar, fitilu za su taso. Tayar da injin, juya sitiyari har ƙarshe hagu, har ƙarshe dama, ka ɗan yi tafiya, yawancinsu za su mutu da kansu.

To amma. Akwai inda duk wannan bayanin bai shafe ka ba. Jar fitilar matsin baƙin mai, mai siffar 'yar buta: kashe injin nan take, ko da kana kyautata zaton na'urar ce ke ƙarya, domin in ba ƙarya take ba mintuna kaɗan sun isa. Zafi ya hau: tsaya. Fitilar injin tana ƙyaftawa, motar tana karkarwa: wani silinda ne ba ya kamawa, man da bai ƙone ba yana tafiya salansa ya cinye na'urar tace hayaƙi, kuma ba araha gare ta ba. Gargaɗin birki tare da canji a yadda feda ke amsa ƙafarka: ko ƙofar gida kada ka fita. In kuwa ruwan ɗorawa ce fitilar, tana tsaye ba ta ƙyaftawa, motar tana ja daidai, babu sabon ƙara babu wari, galibi za ka iya lallaɓawa zuwa gareji. Na ce galibi. In ta ƙi karɓar totur ta koma tafiyar kare kai, wato ta rage ƙarfinta da kanta, ka tsaya a wuri mai aminci, kashe, jira kaɗan, sake tayarwa. Ta warware, ka je a duba a ranar. Ta sake yi, kira motar ja.

Abu na ƙarshe, kuma a nan ne mutane ke ba ni haushi: kada ka bari a goge lambobin matsala kafin a rubuta su. Ana sa kwamfuta, a danna gogewa, dashbod ya yi fes, kowa ya yi murna, bayan mako ta dawo kuma an share shaidar. Ɗauki hoton allon. In bayan sabon batir fitila ɗaya tak ta nace tana dawowa, to ita ce ta gaske, sauran 'yan rakiya ne.

Lambar kilomita tana ƙyaftawa, an yi mini wasa da ita ne?

Ba lallai ba. A motocin gidan Fiat, har da Alfa Romeo, hakan na nufin akwai wata kwamfuta da motar ba ta gane ba, yawanci bayan an canza wani abu kamar rediyo. Ana daidaita su da na'urar da ta san harshen motar. Aikin mintuna ne ga wanda ya iya.

Kowane makanike zai iya ta?

Juye da birki, eh, muddin yana karanta littafi. Sauran, a'a. Nemi wanda ya saba da su, mai kwamfutar da ke shiga ciki sosai, mai kayan kulle injin lokacin saka bel. Wanda zai sa alama da fenti ya ce ido ya isa, ka karɓi makullinka. Ka nemo mutumin nan kafin ka sayi motar, ba ranar da ta tsaya ba. Haka kayan gyara: wasu sai an jira, kuma jiran ya fi gyaran ciwo.

Gaban motar na ƙara in na hau gargada.

A 156 hannayen sama na ƙafar gaba ne, sananniyar cuta ce, a canza su biyu tare da masu kyau. A 159, wadda ta gaji 156, ka durƙusa ka shafa gefen ciki na tayoyin gaba. Daga waje za ka ga taya sabuwa, ciki kuwa ta sule har waya, saitin ƙafa ne. Tun da ka riga ka durƙusa, ka haska ƙarfen da ke ɗauke da injin daga ƙasa, domin can tsatsa ke ɓuya a wannan motar. Ba abin tashin hankali ba ne in an gani da wuri.

Na ga tsohuwa mai giyar Selespeed da araha.

Ka tambayi kanka me ya sa. Giyar hannu ce da famfo da kwamfuta ke taka wa kuloci, kuma tana son mai gyaran da ya san ta. Haka DuoSelect a Maserati Quattroporte na 2003. Daga 2007 aka kawo mai giyar otomatik ta kamfanin ZF, ita ce ta fi zama lafiya. Giulia ma ZF mai giya 8 ce, irin wadda ke cikin motocin Jamus da yawa, kuma tana cikin abubuwan da ba na damuwa da su.

Ɗaya ba ta yi tafiya sosai ba amma babu takardu, ɗaya ta sha hanya amma takardun sabis cike da jaka. Wace?

Mai takardu. Motar da ta shekara tana zaune batirinta ya mutu sau da yawa, robobinta sun bushe, manta ya tsufa a ciki. Wadda ke kan hanya kuwa an riga an gano cututtukanta an biya. Ka karanta takardun da kyau, ba ƙirga su kawai ba: tazarar juye, ranar bel, ko gareji ɗaya ne ke dubawa. Ka ba dillali lambar shasi mai harafi da lamba 17 ya duba ko an yi duk gyare-gyaren da kamfani ya kira motoci dominsu, da sabunta manhaja. Kuma ka je ka same ta da sanyin injin. In ka isa ka tarar an riga an ɗumama ta, ka dafa bonet ka tambayi dalili, domin ƙarar da Twin Spark ke yi kamar dizal a daƙiƙun farko, ko kacau-kacau ɗin sarƙar 2.2 JTS ta 159, da sanyi ake jin su.

Dizal ko fetur?

In tafiyarka gajeru ce cikin gari, fetur. Matatar hayaƙin dizal tana bukatar doguwar tafiya ta ƙone abin da ta tara. Wannan ba laifin Italiya ba ne, kowace dizal ta zamani haka take.

Ita ce za ta zama motata tilo. Zan iya?

Giulia mai lita 2.0 da aka kula da ita, kana da makanike, kana da ɗan kuɗi a gefe da ba na abinci ba ne ba na haya ba: za ka iya, mutane da yawa suna yi kullum ba wani labari. Quadrifoglio ko Maserati da garanti ya ƙare, kuma da ƙyar ka haɗa kuɗin sayenta: a'a. Tayoyi da birki kaɗai za su zaunar da kai tun kafin wani abu ya lalace. Mai shekara 20 kuwa, ka saye ta ta biyu, ka saya mata cajar batir da ake barin ta a jone, kuma kada ka sa ta a lissafin ranar da za ka kama jirgi.