Ragon layya, daga turke har kwanon suya

Tun kafin watan Zulhajji ya tsaya garinmu ya canza kama. Da asuba, in na fito zan buɗe gidan likita, kukan raguna ne ke tarbata, na wannan gida yana amsa wa na wancan. Mata sun sauke kwanukan jere suna goge su da toka, an kwaɓa ƙasa ana gyara katangar da ruwan bara ya zaizaye, keken tela kuma ba ya yin shiru sai dare ya raba. Ƴan ci-raninmu da ke Abijan, Legas ko Libiya, wanda ya samu hali ya iso da jakarsa, wanda bai samu ba ya aiko da kuɗin ɗinkin yara. Ƴan mata sun kama layin kitso tun yanzu. Duk shekara ina jin daɗin waɗannan kwanaki kamar yadda nake ji tun ina yarinya a gaban innata, domin babu lokacin da gidajen Adar, yankinmu na jihar Tawa a Nijar, ke cika da mutanensu kamar sa.

Sai dai aikina ya nuna mini wata fuskar Sallah. Kwana uku ko huɗu bayan an sauko daga idi, bencin da ke ƙofar ɗakina yakan cika: uwa riƙe da yaro mai zawo da amai, wata da ɗan da ya taka garwashi, tsoho da jiri ya kayar. Yawancin abin da ke kawo su ana iya tare shi tun a gida ba tare da an kashe ko dala ba, shi ya sa na ga gara in yi magana yanzu, tun wuƙa tana cikin kube.

Mu fara da ragon kansa. A ƙauye da yawanmu ba saye muke yi ba, matan gida ne suka turke shi wata da watanni da harawa da dusa da ɗan kanwa. Wanda zai saya kuwa, ko Badagishiri zai je, ko Tawa, ko Abalak, kada girman balami ko kyan uda ya ɗauke masa hankali. Ya duba ido, ya duba hanci ko yana yoyon majina, ya ɗaga wutsiya ya ga ko akwai alamar zawo, ya sa a ja dabbar ta yi tafiya a gabansa. Rago mai lafiya yana tuƙa, yana kula da abin da ke kewaye da shi. Malamanmu ma sun faɗa mana ba a layya da mai ido ɗaya, ko gurgu, ko mara lafiya, ko ramamme, don haka a nan maganar likita da ta malam ɗaya ce. A kwanakin ƙarshe kuma a daina ɗura masa jiƙaƙƙen gero da ragowar tuwo wai don ya ƙara cika ido. Hatsi mai yawa a lokaci guda yana kumbura cikin rago, yana iya kashe shi a dare ɗaya. A tsince ledojin da ke kusa da turke, domin duk wanda ya taɓa buɗe tumbi a shekarun nan ya ga dunƙulen leda a ciki.

Akwai kuma maganar allura. Magungunan dabbobi da ake tallansu a kasuwa, na tsutsar ciki da na kashe ƙwayoyin cuta, kowanne yana da kwanakin da sai sun cika kafin a ci naman dabbar da aka yi wa shi, kuma an rubuta su a jikin kwalba. Wasu sukan kai kusan wata guda. In an yi wa rago allura ana jibi Sallah, maganin yana nan cikin tsoka da hanta, wuta ba ta fitar da shi duka, mu da yaranmu za mu cinye. Rago in ya nuna rashin lafiya a wannan mako, a kira ma'aikacin kiwo ya duba, a kuma faɗa masa gaskiya cewa na layya ne.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma na san yana da nauyi a faɗa. Dabba in ta faɗi ba zato, abin da muka saba shi ne a ruga da wuƙa kada ta mutu mushe. Na fahimci dalili. Mace ta shekara tana ɗebo ruwa tana tsinto ciyawa, ta hana kanta ta ba rago, wa zai ce mata ta haƙa rami ta binne wahalarta? Amma iyayena, dabbar da take lafiya lau da safe ta faɗi kafin azahar, cikinta ya kumbura da wuri, baƙin jini mara daskarewa yana fita ta hanci ko ta dubura, wannan alamar ciwon saifa ce, wanda ma'aikata ke kira sharbon. Ba a feɗe ta, ba a taɓa jininta, ko fatar ba a ɗauka. Wanda ya feɗe yakan samu gyambo mai baƙin tsakiya a hannu ko a wuya, wanda ya ci naman kuma ciwon yana iya kama masa hanji ya kashe shi. Ƙwayar cutar tana zama cikin ƙasa shekaru masu yawa, shi ya sa ake binne gawar a rami mai zurfi, nesa da rijiya da makiyaya, bayan an sanar da ma'aikatan kiwo.

Mu a jihar Tawa ba labari aka ba mu ba. A 2016, wajen Cintabaraden da Tasara, zazzaɓin nan da ake kira na Kwarin Rift ya shiga garke, tumaki da shanu suka yi ta ɓari, ƙananan dabbobi suka yi ta mutuwa, sannan ya tsallako kan mutane, aka rasa rayuka fiye da 30. Makiyaya da masu yanka da matan da ke tatsa su ne suka fi kamuwa, domin ciwon yana bin jini, da ɗan da dabba ta ɓarar, da ɗanyen nonon da ba a tafasa ba. Duk garken da aka ga ɓari ya yi yawa a cikinsa, kada a zaɓi abin layya daga nan.

Ranar Sallah, kafin a tafi idi, a haƙa rami a gefen gida. Can jini zai tafi, can za a juye abin da ke cikin tumbi, a rufe da ƙasa nan take. In aka bar su a fili ƙuda zai taru, kuma ƙudan da ya tashi daga nan kan akushi zai sauka. A shimfiɗa tabarma mai tsabta ko buhu wankakke, kada nama ya taɓa ƙasa. Mai ciwo a hannu ya ɗaure shi da kyau ko ya bar wa wani fiɗa. Buta da sabulu su kasance a wurin tun farko, domin hannun da ya wanke hanji shi ne zai koma ya yanka tsoka. In an fito da hanta da huhu a duba su cikin haske. Wanda aka ga ƙululu masu ruwa a jikinsa, ko ƙuraje masu mugunya, a binne shi. Kada a jefa wa kare, don ta cikin kare wannan tsutsa ke komowa kan mutane, musamman yaran da ke wasa da shi. Babbakar kai da ƙafafu kuma a yi ta da kara ko itace. Tsohuwar taya da roba suna saurin kamawa, amma hayaƙinsu guba ne da ke manne wa fata.

Ina alfahari da yadda muke gashi a ƙasar nan. A miƙe rago a kan sanduna biyu da aka gicciya, a kafa su kewaye da wuta, gida biyar ko shida su haɗa itace, maza su zauna suna shayi suna juya nama tun hantsi har dare, mata kuma suna can ciki da kayan ciki, wanda shi ne abincin ranar farko. Kakanninmu sun san abin da suke yi: zafin da ke shiga a hankali yana tsotse ruwan nama ya sa shi ya kwana lafiya har ranar rabo. Inda ake samun matsala shi ne cinya da kafaɗa. Waje ya yi ja ya yi kyau, amma kusa da ƙashi da sauran jini. A tsaga wuraren nan masu kauri da wuƙa tun kafin a kafa, a kuma duba su kafin a sauke. Ruwan da ke fitowa in an soka ya zama fari, ba ja-ja ba. Da dare a rataye naman inda iska ke ratsawa, a lulluɓe da ƙyalle mai tsabta, kada a tara shi zafi-zafi cikin roba a rufe.

A tuna kuma Sallah tana matsowa gaba da kwana 11 ko kusa da haka kowace shekara. Waɗanda suka girma suna layya cikin sanyin hunturu, lokacin da nama ke kwana biyu bai canza ba, su sani yanzu cikin zafi take faɗowa, lokacin da awon zafi ke haura digiri 40 a Tawa. A irin wannan yanayi dafaffen abinci in ya wuce awa 2 a ajiye, ƙwayoyin cuta sun fara yawa a cikinsa ko da hanci bai ji komai ba. Miyar rana in za a ci da dare a mayar da ita wuta har ta tafasa, ɗumamawa sama-sama ba ta isa. Ranar rabo, yaron da aka aika da nama gidan gwaggo ya kai shi kai tsaye cikin kwano mai murfi. Na sha ganin yara da ƙullin leda a hannu suna yawon barka da Sallah har la'asar, naman yana gumi a ciki. Wadda aka kawo wa kuma ta sake sa shi a wuta kafin ta ba kowa.

Suyar ajiya, wadda za a riƙa sa wa miya har watan cika-ciki, sirrinta haƙuri ne. A yanka ƙanana, a soya har kumfa ta kwanta, alamar ruwa ya ƙare ke nan. A bar shi ya huce, a zuba a busasshen kwano, mai ya rufe kansa. In za a ɗiba a sa ludayi busasshe, a hana yara tsoma hannu. Wanda ya yi yauƙi ko ya canza wari a zubar, yaji ba ya gyara shi.

Wurin suyar nan da wurin gashi su ne inda yara ke ƙonewa. Toka takan yi fari a sama alhali garwashi na raye a ƙasa har washegari, mai rarrafe kuwa bai san bambanci ba. A kashe wuta da ruwa ko a rufe ta da ƙasa, kaskon mai kuma kada a sauke shi a bakin hanya. In tsautsayi ya faɗa, a yi ta zuba ruwa mai tsabta a wurin har minti 20, a rufe da ƙyalle wankakke, a kawo mana. Don Allah kada a shafa ƙwai, ko man goge baki, ko kashin saniya, ko toka. Kankare su daga kan ƙuna shi ne abin da ya fi sa yaro kuka a hannuna, kuma su ne ke jawo ruɓa. Kada a fasa bororo.

Baƙi in sun yi yawa, randa takan sha hannu. A ware moɗa guda ta ɗiba, a rataye ta, kowa ya zuba a kofinsa. Ruwan da ba a yarda da shi ba a tafasa, ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs a jira minti 30, kuma da shi za a dama fura. In duk da haka yaro ya kama zawo, a kwaɓa ƙunshi ɗaya na gishirin zawo cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a haɗa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi nono da abinci. In idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, ko komai ya sha sai ya amayar, ko an ga jini a bayan gida, ko jikinsa ya saki, a taho ko tsakar dare ne. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin duba yaran da ba su kai shekara 5 ba, saboda haka rashin kuɗi a ranar kada ya sa uwa ta zauna.

Ina da roƙo ga masu gida wajen rabo. A gidaje da yawa tsoka mai kyau gaban maza da baƙi take tafiya, mai ciki da mai goyo su tashi da ƙashi da romo, alhali su ne na fi gani da ƙarancin jini a wurin awo. A cire musu rabonsu tun farko. Yaron da ya wuce wata 6 a daka masa dafaffen nama ko ƴar hanta a cikin abincinsa, wanda bai kai ba kuwa nonon uwa ya ishe shi, ko romo kada a ɗanɗana masa. Baba da Inna masu hawan jini su ci namansu, amma a rage musu gishiri da dunƙule da kitse, kuma kada hidimar baƙi ta mantar da su maganin safe.

Gidan likita ba ya rufewa ranar Sallah, bana ma ni ce da gadi. Mai son gishirin zawo da zinki don ajiya ta biyo cikin makon nan da safe, kafin rana ta yi zafi, ta zo da katin yaro in duba ko akwai rigakafin da ya rage masa. Allah ya kai mu lafiya, ya karɓi layyarmu.