Ƙungiyar Queen's Park ta Glasgow

Queen's Park ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce da ke kudancin birnin Glasgow, kuma ita ce mafi daɗewa a ƙasar Sikotlan. An kafa ta ranar 9 ga Yuli, 1867, ta samo sunanta daga filin shaƙatawa na unguwar inda samarin farko suke taruwa su buga tamaula. Abin da ya fitar da ita daban shi ne ta yi shekara 152 ba ta biyan ɗan wasanta albashi. Takenta da harshen Latin shi ne Ludere causa ludendi, wato a yi wasa don wasan kansa. Rigarta mai siraran layuka ce baƙi da fari a kwance, magoya baya kuma suna yi mata laƙabi da Gizo-gizo.

Zamanin da take jan zarenta

Lokacin da aka kafa ta, ƙwallo a Ingila wasan yanka ne: wanda ya samu ƙwallon sai ya sa kai gaba, 'yan'uwansa na biye da shi a dunƙule, har a ƙwace. 'Yan Queen's Park suka ɗauki wata hanya. Suka raba 'yan wasa bibbiyu a kowane ɓangaren fili, suna miƙa wa juna ƙwallo kusa-kusa a ƙasa, da tsarin mutum 2 a baya, 2 a tsakiya, 6 a gaba. Dabarar ba ta buƙatar ƙarfin ƙirji, sai dai sabo da juna, shi ya sa ta dace da ƙungiyar da mutanenta suke atisaye tare a kai a kai.

An ga amfaninta ranar 30 ga Nuwamba, 1872, a wasan ƙasa da ƙasa na farko a duniya, tsakanin Sikotlan da Ingila a filin Hamilton Crescent. Duk mutum 11 da suka buga wa Sikotlan 'yan Queen's Park ne, aka tashi babu ci. A 1873 ƙungiyar ta jagoranci kafa hukumar ƙwallon ƙasar, ta kuma ci Kofin Sikotlan na farko a 1874 bayan ta doke Clydesdale da ci 2 da nema. Sau 10 ta ɗauki wannan kofi tsakanin 1874 da 1893, kuma har yau Celtic da Rangers kaɗai suka fi ta yawansa. Ba a taɓa zura mata ƙwallo a raga ba sai a 1875.

Ta leƙa Ingila ma. A gasar Kofin FA ta farko, a 1872, ta je Landan ta yi canjaras da Wanderers a wasan kusa da na ƙarshe, amma kuɗin komawa don maimaita wasan ya gagara, ta janye. Ta kai wasan ƙarshe a 1884 da 1885, Blackburn Rovers ta doke ta duka biyun. Cikin 'yan wasanta na wannan zamani akwai ɗan baya Andrew Watson, haifaffen Demerara a ƙasar da ake kira Guyana yanzu, baƙar fata na farko da ya buga wasan ƙasa da ƙasa. Shi ya riƙe wa Sikotlan kyaftin a 1881 ranar da ta lallasa Ingila 6 da 1 a Landan.

Yadda kuɗi ya sauya lissafi

Ingila ta halatta biyan 'yan wasa a 1885, Sikotlan ta bi sahu a 1893. Da aka kafa gasar lig ta Sikotlan a 1890, Queen's Park ta ƙi shiga, don tana ganin lig ƙofa ce ta mayar da wasa sana'a, kuma zai kashe ƙananan ƙungiyoyi. Hasashenta bai kuskure ba, amma ƙin shigar ita ya cutar. Manyan abokan karawarta suka cika jadawalinsu da wasannin lig, ita kuwa ta rasa wanda za ta kara da shi a ranakun Asabar. A 1900 ta haƙura ta shiga, bisa sharaɗin ba za ta biya kowa ba.

A aikace, ɗan wasan sha'awa, wato wanda ba a biyansa albashi, kuɗin mota da makamantansu kawai ake mayar masa. Yana da aikinsa ko karatunsa da rana, atisaye sai da yamma. Babbar illar tana wajen rajista: tunda babu kwantiragin albashi da ya ɗaure shi, duk ƙungiyar da ta ga ya yi mata za ta iya ɗauke shi a ƙarshen kaka ba tare da ta biya kuɗin sayensa ba. Ƙungiya ta yi renon yaro shekara da shekaru, da ya fara ƙosawa sai wani ya girbe. Haka Alex Ferguson ya fara a nan yana ɗan shekara 16 kafin ya wuce St Johnstone. Haka Andy Robertson ya buga kakar 2012 zuwa 2013, yana ɗan aikin amsa waya a ofishin Hampden, filin ƙungiyar a lokacin, sannan Dundee United ta ɗauke shi. Shekara shida bayan haka ya ci Kofin Zakarun Turai da Liverpool.

Duk da wannan zubar, ƙungiyar ta yi ƙoƙarin da ya cancanci yabo. Ta faɗo daga babban rukuni a 1922, ta koma a kakar da ta biyo. Ta sake cin rukuni na biyu a 1956, ta yi kaka biyu a sama, ta faɗo a 1958. Tun daga nan ba ta sake taka babban rukuni ba.

Hampden

A da, dukiyar ƙungiyar filinta ne. Hampden na farko ta buɗe shi a 1873, layin dogo ya ratsa ta cikinsa, ta koma na biyu a 1884. Na uku, wanda yake tsaye har yanzu, an buɗe shi ranar 31 ga Oktoba, 1903, kuma ya daɗe yana zaman filin ƙwallo mafi girma a duniya kafin a gina Maracanã a Burazil a 1950. Sama da mutum 149,000 suka kalli wasan Sikotlan da Ingila a cikinsa a 1937. A nan ne kuma Real Madrid ta ci Eintracht Frankfurt 7 da 3 a wasan ƙarshe na Kofin Turai na 1960. Kuɗin hayar irin waɗannan wasanni su suka riƙe ƙungiyar da ita kanta 'yan kallonta ba su wuce ɗaruruwa ba a filin da ke ɗaukar kusan 52,000.

Gyaran filin da aka kammala a 1999 ya ci kuɗi fiye da yadda aka tsara, bashi ya kusa durƙusar da ƙungiyar. Mafitar da aka samu ita ce hukumar ƙwallon ƙasar ta karɓi hayar filin na shekara 20. Da wa'adin ya gabato, hukumar ta fara tunanin komawa filin Murrayfield na Edinburgh, sai a 2018 aka daidaita cewa za ta sayi Hampden kan fam miliyan 5.

Barin tsohon tsari

Abu uku suka haɗu suka matse ƙungiyar: kuɗin haya zai tsaya, yara na ci gaba da tafiya kyauta, ga kuma sabon tsarin da ya buɗe ƙofar faɗawa wajen lig ga wanda ya ƙare a ƙasan rukuni na huɗu, alhali ƙungiyoyin da ke hanƙoron hawowa suna biyan albashi. A Nuwamban 2019 mambobi suka kaɗa ƙuri'a, mafi yawansu suka amince a fara biyan 'yan wasa.

Da tallafin attajirin Glasgow Willie Haughey, sakamako bai jima ba. Ta ci rukuni na huɗu a 2021, ta haye rukuni na biyu a 2022 bayan ta fitar da Airdrieonians a wasan neman gurbi. A ranar ƙarshe ta kakar 2023 nasara ɗaya ta rage mata ta koma babban rukuni, Dundee ta doke ta 5 da 3. Shekarun sun zo mata da yawon aron fili a Falkirk da Firhill da Ochilview, yayin da ake gyara ƙaramin filin Lesser Hampden da ke gefen babban. A Fabrairun 2025 ta je Ibrox, gidan Rangers, ta fitar da ita daga Kofin Sikotlan da ci ɗaya mai ban haushi, golanta Calum Ferrie ya tare fenareti ana dab da tashi.