Idan Gidan Rediyo Ya Kira Ka: Amsa Ga Malaman Jami'a Hausawa Mazauna Saudiyya

Da zarar watan Zulƙida ya kama, sai wayoyin malamanmu da ke koyarwa a Ummul Ƙura da Jami'ar Musulunci ta Madina da Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda su fara ruri. BBC Hausa, DW, RFI, gidajen rediyon Kano da Kaduna da Yamai, kowa na neman "masani da ke ƙasa mai tsarki". Tambayoyin da malaman ke yi kuwa ba sa canzawa. Ga amsoshin wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake turo su.

Ya dace malamin jami'a ya yi hira da 'yan jarida?

Ya dace. In ka yi shiru, wanda bai san komai ba ne zai cike gurbin, kuma ya fi ka ɗaga murya.

Za su biya ni?

A'a. Ba a biyan kuɗin hirar labarai. In kuwa shiri ne na kowane mako mai albashi, to ya zama aiki, kuma mai iƙama (takardar izinin zama a Saudiyya) ba ya yi wa wani aiki bayan wanda ya ɗauke shi sai da izini.

Fannina kimiyyar sinadarai ne, an ce in yi bayani kan tsadar kujerar Hajji.

To me ya kai ka, Dakta? Digirin sinadarai bai mai da kai masanin tattalin arziki ba, kamar yadda zaman Makka bai mai da kai mufti ba. Haɗa su da abokin aikinka wanda fanninsa ne. Shi zai gama da su a taƙaice: riyal a ɗaure yake da dala kan 3.75 tun 1986, masauki da abinci da tantunan Mina ba da naira ake biyansu ba, don haka tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, duk faɗuwar da ta yi sai ta hau kan kujera. Kai da ka karɓi hirar, da "wallahi abin sai addu'a" za ka ƙare.

Yaya zan naɗi murya in tura?

Kiran WhatsApp ba kullum yake shiga a nan ba, shi ya sa akasari za su ce ka naɗa ka tura. Kashe na'urar sanyaya ɗaki tukuna, ko da za ka yi gumi na minti biyar. Kai ka saba da gurnaninta ba ka ji, mai sauraro a Gusau kuwa ita zai fi ji. Ɗaki mai tayil da bango tsirara yana amsa kuwwa, gara ɗakin kwana mai labule da katifa, ko cikin mota a kashe, gilasai a rufe. Tsakanin bakinka da wayar ya zama taƙi ɗaya, a ɗan karkace, don kada "b" da "f" su riƙa bugun makirfo. Yi amfani da manhajar naɗin murya ta wayar, ka tura a matsayin fayil, saboda saƙon murya na kai tsaye yana matse sauti. Duba lokacin kiran salla kafin ka fara. In sun ce ƙarfe bakwai, tambayi bakwai na ina: muna gaba da Nijeriya da Nijar da awa biyu.

Tsawo kuma, abin da za su ɗauka daga gare ka bai cika wuce daƙiƙa 30 zuwa 40 ba, wato kalma 80 zuwa 100. In ka ɓata rabinsu a gaisuwa da godiya ga "wannan gidan rediyo mai albarka", edita zai yanke inda ya ga dama. Fara da amsar, dalili ya biyo baya.

Sai na nemi izinin jami'a? In kuma suka tambaye ni abin da ya shafi hukumomin ƙasar nan fa?

Wannan ce kaɗai ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ba ɗaya ba ce, ta danganta da jami'arka da kwantiraginka da abin da za ka faɗa.

Muddin za a gabatar da kai da "Dakta wane na jami'a kaza", ka ari sunan jami'ar, alhali tana da kakakinta da sashen hulɗa da jama'a. Rubuta wa shugaban sashenka imel mai layi huɗu: wace kafa, wane batu, yaushe, kai tsaye ne ko naɗi. Ajiye amsar. Izinin baki a ƙofar masallaci bayan azahar ba izini ba ne, ranar da ta ɓaci ba wanda zai tuna. Wani shugaban zai amsa a yinin, wani sai ya miƙa wa shugaban tsangaya a yi mako ana jira, ɗan jarida kuwa awa biyu gare shi. Mafita ita ce ka nemi izini tun farkon zango kan batutuwan fanninka gaba ɗaya. Wasu kan ce a kira su "masani mazaunin Jidda" kawai. Wannan yana rage nauyi, amma bai sauke shi ba, tunda sunanka na nan a shafin jami'a.

Sai batun da kansa. Ilimi zalla ba kasafai yake jawo magana ba: me ya sa ake wajabta wa alhazai rigakafin sanƙarau, ko tarihin hanyar ƙafa ta Sudan zuwa Sawakin da kakanninmu suka bi. Ɗauki Hajjin 2024. Zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, ministan lafiyar Saudiyya ya sanar da rasuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin 100 ba su da tasrihin Hajji, wato izinin hukuma na yin aikin Hajji. Likita zai iya kawo waɗannan alƙaluma ya jingina su ga mai su, ya bayyana yadda jiki ke wuce digiri 40 mutum ya rikice, da dalilin da ya sa tsoho mai ciwon suga ko na zuciya ya fi shiga haɗari. Tambayar da ke biyo baya ita ce, "To Dakta, laifin wa ne?" A nan ka ce wannan ta hukumomi ce, ka koma kan abin da alhaji zai yi ya kare kansa. Wani zai kira shi tsoro. Ya kira. Sashe na 6 na dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar da tarar da za ta iya kai riyal miliyan uku kan abin da ya taɓa zaman lafiyar jama'a ko darajar addini ko ɗa'a ko sirrin mutane. Kalmomi ne masu faɗi, kuma ba kai za ka fassara su ba. Kada ka ce ai da Hausa ne, wa zai ji? Hausawa 'yan ƙasa na nan a Makka da Madina da Jidda tun kaka da kakanni. Sau da yawa ma ba sai an je kotu ba, kwantiragi ne za a ƙi sabuntawa.

Akwai kuma bayanin da ka samu ta dalilin aikinka, wanda ba naka ba ne kai kaɗai. A 2012 wani masanin ƙwayoyin cuta ɗan Masar, Ali Mohamed Zaki, ya gano ƙwayar da ke haddasa cutar numfashi da aka sa wa suna MERS a jikin wani majinyaci a Jidda, ya sanar da masana ta dandalin ProMED a watan Satumba. Duniya ta amfana, shi kuwa ba da jimawa ba ya rasa aikinsa ya koma Masar. Ban ce ya yi kuskure ba. Ka dai san kuɗin abu kafin ka taya.

Kada duk wannan ya sa ka kashe waya. Wanda ya tsaya a fanninsa, da izini a rubuce, ya kwana da hankalinsa kwance.

Na faɗi wata magana, daga baya na ce kada a sa.

Ka makara. Tun kafin a kunna na'ura ake wannan yarjejeniya.

Hausata ta yi tsatsa.

An sani, ana ji. "Ya'ani" da "ɗab'an" da guntayen Turanci duk ka bar su a ofis. Kafin hirar, yi wa mahaifiyarka ko wata gwaggo bayanin a waya, duk inda ta ce "me?", nan ne za ka gyara. "Kashi 20 cikin 100" ya zama "mutum ɗaya cikin biyar".

Sun ari bakina sun ci min albasa.

Kana da naka naɗin? In babu, laifinka ne. In akwai, tura wa ɗan jaridar daidai wurin, da minti da daƙiƙa, ka rubuta jimlar da kake so a gyara. Bai amsa ba zuwa washegari, nemi editansa, ka kuma sanar da shugaban sashenka kafin ya ji a bakin wani. Kada ka fara da Facebook.