Tattara Kuɗin Haƙƙin Waƙa a Legas

Tattara kuɗin haƙƙin waƙa tsari ne da mawaƙa, marubuta waƙa, makaɗa da kamfanonin faifai ke bi, su wakilta ƙungiya guda ta karɓo musu kuɗi daga duk mai sa waƙoƙinsu a bainar jama'a don kasuwancinsa. Gidajen rediyo da talabijin, otal-otal, gidajen abinci, ɗakunan biki, manyan shaguna da kamfanonin sadarwa duk suna cikin masu biya. A Nijeriya, Legas ce cibiyar wannan harka. A nan manyan ƙungiyoyin tattara kuɗin guda biyu, MCSN (Musical Copyright Society of Nigeria) da COSON (Copyright Society of Nigeria), suke da hedikwata, a nan kuma aka yi mafi yawan shari'o'in da suka biyo baya. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, wato NCC, mai hedikwata a Abuja, ita ke ba ƙungiya izinin yin wannan aiki, ita ke da ikon janye shi.

Dalilin kafa irin wannan ƙungiya

Doka ta ba wanda ya ƙirƙiri waƙa ikon yarda ko hana a sa ta a bainar jama'a. Sai dai mawaƙi ɗaya ba zai iya bin gidajen rediyo da otal-otal na ƙasa baki ɗaya yana karɓar haƙƙinsa ba, haka shi ma mai gidan rediyo ba zai iya neman izinin kowane mawaƙi kafin ya sa faifansa ba. Shi ya sa masu waƙa ke miƙa wa ƙungiya wannan iko, ita kuma ta ba mai amfani lasisi guda wanda ya haɗa dukkan waƙoƙin da ke hannunta.

Faransa ce ta fara, da ƙungiyar SACEM a 1851. Ingila ta kafa PRS a 1914, shekarar da Amurka ta kafa ASCAP. A 1926 ƙungiyoyin suka haɗu a ƙarƙashin inuwa ɗaya mai suna CISAC, kuma ta hanyar yarjejeniya tsakaninsu ne waƙar ɗan Nijeriya da aka sa a Landan ke iya kawo masa kuɗi har gida. Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar Berne ta kare ayyukan fasaha a 1993.

Yadda kuɗin ke shiga da yadda yake fita

A waƙa guda akwai haƙƙi biyu. Na farko shi ne na baitoci da karin waƙar, wanda ke hannun marubuci da mai tsara kiɗa, kuma yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Na biyu shi ne na sautin da aka naɗa a situdiyo, wanda galibi na wanda ya ɗauki nauyin naɗar ne, kuma wa'adinsa shekara 50. Mai otal ɗin da ya sayi faifai da kuɗinsa ya mallaki faifan ne kawai. Sa shi domin baƙi su saurara wani amfani ne daban, da kuɗinsa daban, kuma a nan ne gardama ke fara tashi duk lokacin da takardar neman biya ta isa teburin manaja.

Ƙungiya kan yanka farashi gwargwadon girman wuri da irin amfanin da ake yi da kiɗa. Otal akan duba yawan ɗakunansa, ɗakin biki akan duba yawan mutanen da yake ɗauka, gidan rediyo kuma akan duba faɗin inda yake kaiwa da yawan kiɗan da ke cikin shirye-shiryensa. Daga abin da aka tara, ƙungiya na cire kuɗin gudanarwa, wanda ƙa'idojin NCC na 2007 suka ce kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari. Sauran na masu waƙa ne.

Rabon shi ne wuri mafi wuya. Domin a raba da adalci, sai an san wace waƙa aka sa, sau nawa, a wace tasha. Wannan bayani yana fitowa ne daga takardar da ya kamata kowane mai gabatar da shiri ya cike: sunan waƙa, sunan mawaƙi, sunan marubuci, ƙarfe nawa aka sa ta, minti nawa ta ɗauka. Tashoshi da yawa ba sa cike ta yadda ya kamata, gidajen abinci da ɗakunan biki kuwa ba su ma san da ita ba. Idan babu takarda, sai ƙungiya ta koma rabon bai ɗaya ga membobi, kowa ya sami ɗan abin da ya samu ko an sa waƙarsa ko ba a sa ba. Wanda waƙarsa ta cika gari ya ga an tauye shi, wanda ba memba ba kuwa ko sisi. Mafi yawan zargin da ake jifan shugabannin ƙungiyoyi da shi daga wannan giɓi yake fitowa, domin kuɗin da ba a san mai shi ba, da wuya a gamsar da kowa cewa an raba shi daidai.

Tarihin ƙungiyoyin da rigimarsu

Kafin a sami ƙungiya ta gida, wani ofishin lauyoyi a Legas da aka fi sani da Giwa Agency shi ke wakiltar PRS ta Ingila tun farkon shekarun 1970. Daga wannan wakilci MCSN ta samo asali a 1984, kuma Mayo Ayilaran ya daɗe yana jan ragamarta. A ɗaya gefen, ƙungiyar mawaƙa ta PMAN, a lokacin shugabancin Tony Okoroji, ta matsa wa gwamnatin soja lamba kan satar fasaha har aka kafa Dokar Haƙƙin Mallaka ta 1988. Hukumar da ta zama NCC ta fara aiki a 1989.

Gyaran da aka yi wa dokar a 1992 ya wajabta wa duk ƙungiyar tattara kuɗi neman amincewar hukuma. MCSN ba ta samu ba, aka ba wata sabuwa mai suna PMRS a 1994. Wani gyaran na 1999 ya hana ƙungiyar da ba ta da izini shigar da ƙara kan keta haƙƙi. Sai aka wayi gari ƙungiyar da ke riƙe da tarin waƙoƙin gida da na waje ba ta da izini, mai izini kuma ba ta da irin wannan tari. Masu otal da masu tashoshi sun ga hanya: in wannan ta zo su ce ba ta da lasisi, in waccan ta zo su ce waƙoƙin ba nata ba ne. Shekaru aka kwashe a haka, mawaƙa na kallon ana cin kasuwa da guminsu, kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

A watan Mayu na 2010, NCC ta amince da COSON, wadda ta gaji PMRS, a matsayin ƙungiya ɗaya tilo ta waƙa da naɗaɗɗen sauti, Okoroji na shugabanta. Dokar wancan lokaci ta ce kada hukuma ta amince da ƙungiya ta biyu a fanni ɗaya muddin ta gamsu cewa ta farko na kare masu haƙƙi. COSON ta shiga aiki da zafi, ta kai tashoshi da otal-otal kotu. A ƙarshen 2013 ƙungiyoyin gidajen watsa labarai, BON da IBAN, suka mayar da martani da sanar da daina sa waƙoƙin wasu fitattun membobinta, har sai da aka zauna aka sa hannu kan yarjejeniyar farashi a 2014. Tun 2009 kuma ake ware 1 ga Satumba a matsayin ranar da ake roƙon tashoshi su ɗan dakatar da kiɗa domin jawo hankali kan haƙƙin mawaƙa.

Shekarar 2017 ce ta sauya komai. Bisa umarnin Ministan Shari'a Abubakar Malami, NCC ta ba MCSN izini, ƙungiyoyi suka zama biyu. A watan Mayu COSON ta buɗe gidanta a Ikeja. A watan Disamba wasu 'yan kwamitin gudanarwarta suka sanar da tsige Okoroji da naɗa Efe Omorogbe, sannan babban taron membobi na 19 ga watan ya mayar da Okoroji kan kujera. NCC ta umarci kada a aiwatar da shawarwarin wannan taro, kuma da ta ga ba a bi umarnin ba, ta dakatar da lasisin COSON a ƙarshen Afrilun 2018. Hukumar ta tsaya kan cewa wa'adin lasisin ya ƙare a 2019, COSON kuma ta ci gaba da ƙalubalantar matakin a kotu.

Kotuna

Tsarin mulkin 1999 ya ba Babbar Kotun Tarayya kaɗai hurumin shari'ar haƙƙin mallaka, shi ya sa reshenta na Ikoyi ya ga mafi yawan waɗannan ƙararraki. A 2018 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci biyu, ɗaya tsakanin MCSN da Adeokin Records, ɗaya tsakaninta da Compact Disc Technology, inda ta tabbatar wa MCSN damar kai ƙara a matsayinta na wadda aka miƙa wa haƙƙin waƙoƙi. Shari'ar da ta fi yin amo ita ce ta Multichoice, mai DStv. Kamfanin ne ya fara zuwa kotu yana cewa MCSN ba ta da izinin neman kuɗi a wurinsa, MCSN ta shigar da tata ƙarar a kansa, kuma a watan Janairun 2018 Mai Shari'a Mohammed Idris ya yanke mata diyyar kimanin naira biliyan 5.9. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2020.

Hausawan Legas da wannan tsari

Hausawa sun daɗe a Ikko, kuma waƙarsu na tashi kullum a Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12. A gidan abinci a Agege, ƙaramar lasifika na rataye kusa da teburin mai karɓar kuɗi, an sa mata katin memori cike da waƙoƙin fina-finan Kano, begen Annabi da tsofaffin waƙoƙin kalangu, tana yi tun hantsi har dare. A idon doka wannan sa waƙa ne a bainar jama'a. Amma da wuya a sami mawaƙin da ke cikin wannan kati wanda ya taɓa karɓar wani abu daga wata ƙungiya a Legas.

Dalilin yana da alaƙa da yadda sana'ar take tun asali. Makaɗin Hausa ya saba da samun abinci daga ubangida da kuma filin wasa: kyautar riga, doki ko mota, da liƙi ranar biki. Ana gayyato mawaƙi daga Kano ko Kaduna zuwa bikin ɗan kasuwa a Agege, a biya shi kuɗin zuwa, a yi masa liƙi, ya koma gida, lissafi ya ƙare a nan. A waƙar fim kuma, abin da aka fi yi shi ne mawaƙi ya rubuta baitoci, mai kiɗa ya buga a situdiyo, 'yan amshi su karɓi sallamarsu, furodusa ya sayi waƙar baki ɗaya, sau da yawa ba tare da takarda ba. Dokar Nijeriya kuwa ta ce miƙa haƙƙi ga wani sai a rubuce. Saboda haka waƙoƙi da yawa da ake ɗauka an sayar, a shari'ance ba a fayyace mai su ba, kuma ƙungiya ba za ta iya biyan kowa a kansu ba sai an fayyace.

Akwai kuma batun naɗa. Doka ba ta buƙaci rajista kafin haƙƙi ya tabbata, amma ta buƙaci aikin ya kasance a rubuce ko a naɗe. Makaɗin da ke ƙirƙirar baiti nan take a gaban jama'a, in ba a naɗa ba, ba shi da abin nunawa. In kuma wani ne ya naɗa, rigima kan taso kan wa ya mallaki sautin. Waƙoƙin gargajiya da ba a san mai su ba, irin na daɓe da na niƙa, doka ta sa su a wani babi na daban na al'adun gargajiya, NCC ke kula da izinin amfani da su don kasuwanci.

Masu tura waƙa a waya, da kasuwar faifan bogi da aka daɗe ana dangantawa da Alaba International a Ojo, wata matsala ce daban, ta kwafi ba tare da izini ba. Ita ce mawaƙan Arewa suka fi kuka da ita, har ta sa ba a cika maganar kuɗin sa waƙa a rediyo da otal ba, alhali shi ne kuɗin da ke ci gaba da zuwa bayan kasuwar waƙa ta lafa.

Sabuwar doka

Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Ta shigo da intanet cikin lissafi, ta ba mai haƙƙi damar neman a sauke aikinsa daga shafin da ya ɗora shi ba da izini ba, ta kuma tanadi kaso ga wanda ya rera waƙa da wanda ya mallaki sautinta idan an watsa ta. Wani sashe nata ya shafi mawaƙan Hausa kai tsaye: ƙungiya na iya ba da lasisi a kan waƙoƙin wanda ba memba ba, bisa sharuɗɗa, ciki har da cewa ita kaɗai ce mai izini a fannin, mai waƙar bai rubuta cewa a cire shi ba, kuma kada a bambanta shi da membobi wajen biya. Ma'ana, ana iya karɓar kuɗi da sunan mawaƙin da bai taɓa shiga ƙungiyar ba, kuma yana da damar neman kasonsa, amma sai ya gabatar da jerin waƙoƙinsa da shaidar cewa nasa ne.

Haƙƙin kuma abin gado ne. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, don haka haƙƙin baitocinsa da karinsu yana hannun magada har ƙarshen 2069. Na Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, zai kai 2085. Tsofaffin faya-fayen da kamfanoni irin EMI, Decca da Polygram suka buga a Legas sun koma hannun waɗanda suka gaje su, wato Ivory Music, Afrodisia da Premier, kuma duk iyalin makaɗin da ya taɓa naɗa da ɗayansu, neman haƙƙinsu zai fara ne da gano takardar yarjejeniyar da mahaifinsu ya sa wa hannu.