Zaɓin Majiyyaci: Me Ya Sa Likita Zai Tambaye Ka Feshin Hancin da Ka Fi So?

A harkar lafiya, zaɓin majiyyaci na nufin a saka ra'ayin mara lafiya cikin lissafi idan magunguna biyu ko uku suna aiki kusan iri ɗaya. Likita ya san abin da ke kashe ciwo, amma mai ciwon ne ya san abin da zai iya jurewa kullum safe. A maganin murar aleji wannan batu ya fito fili sosai.

Murar aleji ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba. Jiki ne ke ɗaukar ƙura, ko garin furen tsirrai, ko gashin kyanwa a matsayin abokin gaba, sai ya saki sinadarin histamin. Daga nan atishawa ta biyo baya jere-jere, majina ta tsinke kamar ruwa, hanci ya toshe, ido ya yi ta ƙaiƙayi. Masu ita sun san yadda ƙurar hunturu ke tayar musu da ita.

Feshin da likitoci suka fi dogara da shi shi ne mai sitiroyid, irin su fluticasone, mometasone da budesonide. Wajen rage kumburin cikin hanci ba su da wani nisa a tsakaninsu. Bambancin yana ga abin da mutum ke ji sa'ad da ya matsa kwalbar. Wani fluticasone ɗin, kamar Flixonase, yana da ƙamshin fure, wasu na so, wasu kuma yana hawa musu kai. Avamys kuwa, wanda shi ma wani nau'in fluticasone ne, feshinsa siriri ne kamar hazo, kuma maɓallinsa a gefe yake. Akwai kuma azelastine, wanda ke tare aikin histamin. Yana kamawa cikin mintuna, sai dai in ya gangara maƙogwaro yakan bar ɗaci a baki.

Kada a ɗauki waɗannan a matsayin tsirfa. Feshin sitiroyid ba ya nuna cikakken aikinsa sai an jera kwanaki ana yi, wani lokaci har mako 2. Matar da ta ji ɗaci ko raɗaɗi ranar farko za ta jefa kwalbar cikin durowa, bayan wata guda ta koma asibiti ta ce, "Likita, maganin nan bai yi mini komai ba." Alhali ba maganin ne ya gaza ba, barinsa aka yi. Abin yana damuna ƙwarai, don sau da yawa tambaya ɗaya ce za ta hana hakan: me ya dame ki game da shi? Har kuɗi ma na ciki, domin kwalbar da ba za ka iya sake saye ba, ba taka ba ce.

Amma zaɓi na da iyaka. Mutane da dama sun fi son feshin da ke buɗe hanci nan take, irin Otrivin da ake samu a kemis. Wannan na 'yan kwanaki ne kawai. In aka wuce mako guda ana fesa shi, hancin yakan koma toshewa fiye da da, mutum ya kasa barci sai da shi.

Wani ɗacin ma daga hannu yake zuwa. A fara fyace hanci, a girgiza kwalbar, a ɗan sunkuyar da kai gaba maimakon ɗaga shi sama. A riƙe da hannun dama a fesa kafar hanci ta hagu, da hannun hagu a fesa ta dama, bakin kwalbar na fuskantar wajen kunne, nesa da shingen da ke tsakiyar hanci, wanda hakan ke rage haɓo. Sannan a shaƙa a hankali, don zuƙa da ƙarfi ce ke kai maganin maƙogwaro. In an gyara duk wannan kuma har yanzu bai karɓe ka ba, ka koma wa likita da kwalbar a hannu, ka faɗa masa ainihin abin da ba ka so, ya canza maka wani.