Citta, kanumfari da tafarnuwa: ga amsoshin, don Allah a bar ni in huta

Tambayoyin nan dai su ne kullum, a wurin awon ciki, a gidan biki, har a cikin motar Jega zuwa Birnin Kebbi idan aka gane aikin asibiti nake yi. Na tara su wuri ɗaya. Duk wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Malama, da gaske citta magani ce?

Ga tashin zuciya, ƙwarai. An gwada an gani, ga mai laulayi da mai amai a mota. Tana kuma ɗumama maƙogwaro da hunturu. Ba ta kashe mura. Mura da kanta take tafiya cikin mako guda zuwa kwana goma, ka sha citta ko ba ka sha ba.

Mai ciki fa?

Ta sha a kunu, a fura, a shayi, hankalinta kwance. Kimanin giram 1 na busasshiya a yini, wato rabin ƙaramin cokali, ya isa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne jiƙon kimba da hulba da kanumfari da ake ɗura wa yarinya a watan tara wai don naƙuda ta zo da sauƙi. Inna, ki bar ta ta zo awo.

Kanumfari yana maganin ciwon haƙori?

Yana kashe zafin na ɗan lokaci, domin man da ke cikinsa yana dakushe jijiyar wurin. Likitocin haƙori ma suna amfani da shi a cikin abin da suke toshe rami na wucin gadi. Amma ramin yana nan, gobe zai tashe ka. Man kanumfari na kwalba kuwa a ɗaga shi sama inda hannun yaro ba ya kai, kaɗan daga cikinsa yana iya lalata wa ƙaramin yaro hanta.

An ce a yanka albasa a ajiye a ɗaki tana zuƙe sanƙarau.

Ba ta zuƙe komai. Albasar Aliero ta miya ce. A yi wa yara rigakafi, a rage cunkoso a ɗaki da bazara, wanda wuyansa ya sanƙare da zazzaɓi a kai shi asibiti a ranar.

Ina shan maganin hawan jini da na suga. Zan iya haɗawa da jiƙon tafarnuwa, citta, kirfa da hulba?

To, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna. Alhaji, ba zan ce maka i ba, ba kuma zan ce a'a kai tsaye ba, domin amsar ta rataya a kan wane magani kake sha, da yawan abin da kake jiƙawa, da lafiyar hantarka da ƙodarka.

Mu fara da mai sauƙi. Abin da uwargida ta zuba a miya ko a yajin tsire ba shi da matsala ga kusan kowa. Ci abinka. Maganar tana canzawa ne idan aka cika gora da kayan nan aka bar su kwana da kwanaki ana kurɓa safe da yamma. Jiƙo ba shi da ma'auni. Na yau ya yi ƙarfi, na jibi ya salance, kai kanka ba ka san nawa ka sha ba, balle likitan da ke ƙoƙarin daidaita maka ƙwaya.

Tafarnuwa tana ɗan sauke jini ga wasu mutane, gaskiya ne, amma ɗan kaɗan, kuma galibin gwajin da aka yi da ƙwayoyin tafarnuwa masu awo aka yi shi. Ba za ta riƙe wanda jininsa ke kai 180 ba. Haka hulba da kirfa a wajen suga: akwai alamar suna taimakawa, alamar ba ta kai a ajiye magani dominta ba. Wanda ya ajiye ƙwayarsa saboda ya ji sauƙi, ya sani hawan jini ba ya sallama. Mutum yana jin garau har ranar da ɓarin jikinsa zai shanye.

Sai ka duba takardar maganinka. Idan akwai mai tsinka jini a ciki, irin su asfirin ko warfarin da ake ba masu ciwon zuciya da waɗanda suka taɓa shanyewar jiki, to tafarnuwa da citta da kurkum masu yawa suna iya ƙara masa ƙarfi. Haɓo da ya ƙi tsayawa, dasashi na zubar jini, ko baƙin bayan gida, duk alamu ne na a daina a zo a gan mu. Wanda za a yi wa tiyata ma ya dakata da jiƙon mako ɗaya ko biyu kafin ranar, ya kuma faɗa wa likita.

A ɓangaren suga, metformin shi kaɗai bai cika faɗar da suga ƙasa warwas ba. Amma mai shan glibenclamide ko mai allurar insulin, idan ya ɗora hulba da kirfa a kai, ga azumi ko aikin fadama cikin rana, sugan na iya faɗuwa fiye da kima. Zai ji rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri, ya fara magana ba kan gado. A nan ba addu'a kaɗai za a tsaya yi ba, a ba shi ruwan sukari nan take idan yana iya haɗiya, sannan a nufi asibiti.

Kirfa kuma tana da nata. Wadda ta fi yawa a kasuwanninmu, mai kaurin ɓawo da tauri, tana ɗauke da wani sinadari da ke wahalar da hanta idan aka daɗe ana sha da yawa. Barbaɗawa a shayi ba komai. Cokali cike kullum wata da watanni, musamman ga mai ciwon hanta, ban ba da shawara ba. Mai olsa ko ƙwannafi shi ma ɗanyar tafarnuwa kafin karin kumallo za ta hura masa wuta ne kawai. Mai ciwon ƙoda kuwa ya bar maganar jiƙo gaba ɗaya, balle wanda aka jefa wa kanwa.

Na san duk da haka wasu sai sun sha. To, in ka nace: abu ɗaya za ka ɗauka, ba biyar a gora guda ba. Ka auna da cokali. Kada ka taɓa ƙwayarka. Ka riƙa gwada jini da suga kana rubutawa a takarda, ka kai wa likitanka takardar tare da gaskiyar abin da kake sha. Ɓoye mana da kuke yi shi ya fi ba ni haushi, sai a yi ta canza wa mutum magani ana mamakin abin da ke faruwa.

In kuwa amfanin gaske kake nema daga kayan ƙamshi, ga shi: a cika miya da daddawa, citta, masoro da tafarnuwa, a rage gishiri da dunƙulen magi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin magi. Wannan ragin zai yi wa jininka abin da gorar ba za ta yi ba.

Habbatus sauda fa? Ai ta zo a hadisi.

Ta zo, a Bukhari da Muslim, ba mai jayayya da wannan. Ki yi amfani da ita. Amma hadisin bai ce a zubar da maganin asibiti ba, bai kuma ce duk kwalbar da mai lasifika ya ɗaga ranar kasuwa tsantsar manta ba ce.

Ƙawata ta ce in yi matsi da tafarnuwa don sanyi.

Kul. Ɗanyar tafarnuwa tana ƙona fatar hannu ma, ina ga can. Haka ruwan kanumfari. Abin da kuke kira sanyi cututtuka ne daban-daban, kowace da maganinta, wata sai an haɗa da maigida. Babu abin kunya, mata ne a ɗakin, zo a duba ki.

Yajin jego da kunun kanwa?

Yajin ba ni da faɗa da shi. Citta, kimba da masoro suna buɗe wa maijego ciki ta ci abinci, cin abincin da shan ruwa da yawan ba jariri mama su ke kawo nono. Kanwa ce matsalata. Gishiri ce mai nauyi, tana tara ruwa a jiki, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego da ke shan kunun kanwa suna kwanciya a gadon wuta. Wadda jininta ya hau lokacin ciki kada ta kusance shi. Maijegon da ƙafafunta suka kumbura, ko take haki in ta kwanta, ba ƙiba ba ce, ba kuma iska ba. A kawo ta.

In sayi gari ko in daka da kaina?

Daka. Tun da cuta ta cinye gonakin citta a Kudancin Kaduna a 2023 kuɗinta ya yi tsalle, kuma idan abu ya yi tsada, garinsa ne ya fi sauƙin algus. Garin kurkum ma a Bangaladash an kama ana zuba masa launi mai gubar dalma don ya yi rawaya shar. Mu maƙwabtan Zamfara ba sai an yi mana bayanin dalma ba, mun ga abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010. Sayi gudansa, ki duba, ki shanya. Barkono ko citta da suka yi fumfuna a zubar, dafuwa ba ta kashe gubarsu.

Tafarnuwa da lemun tsami suna maganin maleriya da taifot?

A'a. Je a gwada jininka.

Jariri yana kukan ciki, in ba shi ruwan kanumfari da zuma?

Kada ki ba shi. Nono zalla har wata 6, zuma kuma sai ya cika shekara. Ki ɗora shi a kafaɗa bayan ya sha, ki shafa bayansa ya yi gyatsa. Idan cikin ya kumbura, ko yana amai, ko jikinsa ya yi zafi, ki kawo shi yau.