Tsarin gargaɗin gaggawa na girgizar ƙasa

Tsarin gargaɗin gaggawa na girgizar ƙasa haɗaka ce ta na'urorin auna motsin ƙasa, da layukan sadarwa, da kwamfutoci, da taswirori. Aikinsa shi ne ya gano girgiza da zarar ta fara, ya riga ta isa wuraren da ba ta kai ba tukuna. Mutane kan ɗauka duba yake yi, alhali har yau babu masanin da ya iya faɗin rana da sa'ar da ƙasa za ta girgiza. Tsere kawai ake yi da abin da ya riga ya auku, kuma ribar da ake samu daƙiƙoƙi ne, daga biyu ko uku zuwa kamar minti guda.

Yadda ake samun tazarar

Idan dutse ya tsage a can ƙarƙashin ƙasa, motsi iri biyu ne ke fita daga wurin. Na farko, wanda masana ke yi wa laƙabi da P, yana tafiyar kusan kilomita 6 a daƙiƙa, amma ba ya ɓarna sosai. Na biyu, mai laƙabin S, tafiyarsa kusan kilomita 3.5 ce a daƙiƙa, kuma daga zuwansa ne bango ke fara tsagewa. Duk wanda ya ga walƙiya kafin ya ji tsawa ya san irin wannan tazara. Garin da ke kilomita 100 daga tushen girgiza zai ji motsin farko bayan daƙiƙa 17, na biyu kuma sai wajen daƙiƙa 29. Shi kuwa saƙon waya, kafin ƙiftawa da bismilla ya isa. Saboda haka idan akwai na'ura kusa da tushen, za ta ji motsin farko, kwamfuta ta gwama da abin da wasu tasoshi suka ji, ta ƙiyasta wuri da girma, sannan ta saki gargaɗi.

Daƙiƙa goma kaɗan ce ga mai hira, amma ta isa jirgin ƙasa ya fara taka burki, a rufe bututun gas, na'urar hawa bene ta tsaya ta buɗe ƙofa, likita ya janye hannu daga aikin tiyata, ɗalibai su shige ƙarƙashin tebur.

Tunanin ya daɗe. A 1868 wani likita mai suna J. D. Cooper ya ba da shawara a San Faransisko cewa a dasa na'urori nesa da birni, a haɗa su da wayar tangaraho, su kaɗa babbar ƙararrawa idan ƙasa ta motsa. Sai da aka shafe fiye da shekara 100 kafin fasaha ta cim ma shawararsa. Meziko ta kafa nata tsarin a 1991, bayan girgizar 19 ga Satumba 1985 ta hallaka dubban mutane a babban birninta. Japan, wadda ta fara da kare jiragenta masu gudun tsiya, ta buɗe wa jama'a nata a Oktoba 2007. A Amurka, tsarin da ake kira ShakeAlert ya fara aika wa jama'ar Kalifoniya saƙo a 2019, ya kai jihohin Oregon da Washinton a 2021. Kamfanin Google kuma ya shigo a 2020 da dabarar mayar da wayoyin Android ƙananan na'urorin awo: ɗan abin da ke juya fuskar waya idan an karkata ta, shi ne ke jin motsin ƙasa.

Inda taswira ta shigo

Na'ura tana iya cewa ƙasa ta motsa, amma ba ta san wa ke zaune a kanta ba. Wannan aikin rumbun bayanan taswira ne, inda ake jera bayanai hawa-hawa a kan ma'auni ɗaya: layukan tsagewar dutse, irin ƙasar kowace unguwa, hanyoyi, asibitoci, madatsun ruwa, yawan jama'a. Irin ƙasa ne ya fi muhimmanci. Birnin Meziko a kan busasshen tafki aka gina shi, laka mai laushi kuwa ninka motsi take yi, shi ya sa girgizar da ta taso daga gaɓar teku, fiye da kilomita 300 daga birnin, ta yi masa mummunar ɓarna a 1985. Wannan nisa kuma shi ne ke ba mazauna birnin kusan minti guda idan jiniya ta yi kuka.

Tasoshin da ke karɓar saƙon tauraron ɗan Adam suna cike wani giɓi. A girgizar Japan ta 11 ga Maris 2011, mai maki 9 a ma'aunin girman girgiza, gargaɗi ya fita da wuri, amma ƙiyasin farko ya gaza girman abin nesa ba kusa ba, domin na'urorin awo na rikicewa idan girgiza ta yi girma ainun. Tashar tauraro kuwa kai tsaye take nuna yawan mitocin da ƙasa ta gusa. Japan na da irinsu kusan 1,300.

Akwai kuma matsalar da babu fasahar da ta magance ta: wanda ke zaune bisa tushen girgiza ba ya samun gargaɗi. A 19 ga Satumba 2017 wata girgiza ta taso kusa da birnin Meziko, mutane da yawa sun ji ƙasa na rawa kafin su ji jiniya.

Abuja da kewaye

Nijeriya tana nesa da bakin manyan faifan ƙasa, wato manyan ɓangarorin ɓawon duniya masu gugar juna, inda girgiza mai ƙarfi ta fi aukuwa, amma tana samun ƙanana jefi-jefi: Ijebu-Ode a 1984, Kwoi ta jihar Kaduna a 2016. Daga 5 zuwa 7 ga Satumba 2018 ƙasa ta yi ta motsi a Mpape, har aka ji a Maitama, mutane suka fito daga gidaje a firgice, hukumomin birnin tarayya kuma suka dakatar da fasa dutse a yankin na wani lokaci. Abin ya sake dawowa Mpape a Satumba 2024. Masu sa ido su ne Hukumar Binciken Ƙasa da Ma'adinai ta Nijeriya, wadda ke da tasha a Katampe, da kuma cibiyar nazarin siffa da motsin ƙasa da ke Toro, kusa da Jos a kan hanyar Bauchi, ƙarƙashin hukumar sararin samaniya NASRDA. Ta fuskar taswira, Abuja ta riga garuruwa da dama, domin tun 2003 aka kafa AGIS mai riƙe da bayanan filayen birnin a kwamfuta.

Sai dai a yi lissafi da kyau. Tsakanin Mpape da Maitama 'yan kilomitoci ne, kuma a nisan kilomita 10 tazarar motsin farko da na biyu ba ta wuce daƙiƙa ɗaya da ɗoriya ba. Kafin kwamfuta ta gama lissafi, kwanuka sun riga sun zubo daga kanta. A ganin mai wannan rubutu, jiniya ba ita ce buƙatar Abuja ta farko ba. Abin da ya fi amfani shi ne tasoshi masu yawa, masu sola da batir don kada ɗauke wuta ya yanke rikodi, a haɗa abin da suka ji da taswirar unguwanni. Birnin a kan dutse mai tauri yake, ga Aso ga Zuma shaida, amma gidajen da aka gina a kwari ko a kan ciko daban za su ji motsi.

A Mpape ma tambayar farko ita ce: nakiya ce ko ƙasa ce? Unguwar ta saba da ƙarar fasa dutse da tifofi masu tayar da ƙura, har wani kan ji tagogi na karkarwa ya ci gaba da shan shayinsa. A jikin rikodi kuwa ana iya rarrabewa. Fashewar nakiya a saman ƙasa take, galibi da rana a lokutan aiki, kuma motsinta na farko ya fi fitowa da ƙarfi, ita kuwa girgizar asali daga zurfi take tasowa, ba ruwanta da dare ko rana. Don a tabbatar, ana buƙatar aƙalla tasoshi uku da suka ji motsin daga kusurwa daban-daban, da kuma littafin masu fasa dutse mai nuna ƙarfe nawa suka tayar da nakiya a ranar.